Allurar baya da sikanin lokacin naƙuda, ya halatta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina da ciki wata takwas, a haihuwar fari na sha wuya sosai kwana biyu ina naƙuda, yanzu likita tace za su iya yi min allurar nan ta baya epidural sannan su riƙa duba saukowar yaro da sikanin, to uwar mijina tace wai gudun lada ne kuma akwai kayan maye a ciki. Meye hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam baiwar Allah, Allah Ya sauke ki lafiya. Duka biyun sun halatta.

Maganar lada tukuna tunda ita ta fi damun mutanenmu. Allah Ya ambaci wahalar uwa a suratul Ahƙaf aya ta 15, amma dan ɗa ya san haƙƙinta aka faɗa, ba a ce mace ta nemi azaba da kanta ba, Nana Maryam ma da naƙuda ta kama ta cewa tayi ina ma na mutu kafin wannan, kuma ba a zarge ta ba, lallashinta akayi aka bata dabino da ruwa. Nana A'isha tace ba a taɓa ba Annabi (SAW) zaɓi tsakanin abu biyu ba sai ya ɗauki mafi sauƙi matuƙar ba saɓo bane. Wannan dauriyar da iyayenmu mata suke yabo, ace mace ko uhum bata ce ba, al'ada ce ta kunya, ba sharaɗin lada bane, wata tara na laulayi da shayarwa duk suna nan a rubuce insha Allah.

Batun maye kuma, siririn bututu ake sawa a ƙasan baya maganin ya kashe jin zafi daga ƙugu zuwa ƙasa, ke kina farke hankalinki ras kina zikirinki. Eh wani lokaci ana haɗawa da ɗan kaɗan na magani mai ƙarfi irin fentanyl, amma awon likita ne dan magani, ai malamai sun halatta banju, wato maganin sa barci, gaba ɗaya saboda tiyata balle wannan.

Sikanin ɗin ma ni a ganina ya fi kusa da sutura, dan mai epidural bata jin saukowar yaro sosai, dole a duba, a al'ada hannu ake sawa kamar duk awa 4 har bakin mahaifa ya buɗe santimita 10, shi kuwa na'urar daga waje ake ɗorawa a ga inda kan yaro ya kai da inda ya fuskanta, sauti take amfani da shi ba hasken eksire ba, sai a rage yawan sa hannun.

Abinda za ki kiyaye: a fara neman likita mace, majalisar fiƙihu ta ƙasashen musulmi a zamanta na Brunei a 1993 ta jera musulma, sai wadda ba musulma ba amintacciya, sai namiji musulmi, sai wanda ba musulmi ba, in namiji ne mijinki ko muharrami ko wata amintacciya tana wajen, a buɗe iya wurin buƙata kawai. Allurar tana iya sa awon jini (BP) ya yi ƙasa ko ta bar ciwon kai, in likita tace jikinki ba zai ɗauka ba to ki haƙura, la darara wa la dirara, wato ba cuta ba cutarwa. Hajiya kuma ki bari ɗanta ya fahimtar da ita cikin ladabi, kar ki ja da ita.

Wallahu a'alam.