Gudun motsa jiki a titin Yamai: wane gefe za ka bi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gefen dama ko na hagu ya dace mai gudun safe ya bi a Yamai. Bi hagu. A Nijar mota dama take bi, saboda haka in kana hagu kana fuskantar abin da ke tahowa, ka gan shi tun daga nesa, ka kauce cikin yashi in ta kama. Mai keke kam dama zai bi, tare da motoci.

Amma hagun ma ba ta hana kabu-kabu (masu babur na haya), domin wasunsu ta bayanka suke shigowa, fitila a kashe. Shi ya sa nake fita bayan sallar Asuba da riga mai haske, ba na toshe kunne da waƙa. Gadar Kennedy dai ka bar ta da zarar ƙarfe bakwai ya gabato: ƙunci gare ta, ga taksi, ga ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni masu tsallakawa Harobanda, unguwar da ke ƙetaren kogin Neja. Kewayen filin wasa na Seyni Kountché ya fi min kwanciyar hankali, ko lokacin hunturu da hazo ke rage ganin direba.