Amsa ga Hajiya kan neman asalin kakanta ɗan Italiya

Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiya, tun safe na ji saƙonki, ina wurin aiki ne shi ya sa sai yanzu. Kin ce kakanki na wajen uwa ɗan Italiya ne, cikin waɗanda suka yi aikin madatsar Kainji, ya koma ƙasarsu Mama tana goye, abin da ya rage muku hoto ɗaya ne da suna Jobanni.

To Hajiya, neman Jobanni a nan Italiya, kamar ki sauka a tasha a Kano ki ce Malam Sani kike nema. Wa zai nuna miki? Abu biyu za ki fara samowa, sunan gidansu da sunan garinsu. Garin ma ya fi. Su nan takardar haihuwa ba a Roma ake tara ta ba, tana ofishin ƙaramar hukumar da aka haifi mutum, komune suke ce mata, kuma sun kusa 8,000. In ba gari, wallahi ba inda za a ƙwanƙwasa.

Saboda haka daga gida za ki fara. Juya hoton nan ki duba bayansa, sau da yawa akwai tambarin mai hoto da garinsa. A buɗe adakar Kaka, ko ambulan ɗin tsohuwar wasiƙa ne, hatimin gidan waya ya isa. Tsofaffin direbobi da kukun da suka yi aiki da su kuwa, ki same su tun suna raye, ko laƙabi suka tuna ki rubuta. An yi aikin daga 1964 zuwa 1968, kin ga kenan ƙila wajen 1930 da wani abu aka haife shi.

Akwai shafin gwamnatinsu, Antenati, kyauta ne, hotunan tsofaffin rajistoci ne da rubutun hannu. Amma kada ki sa rai da tasa takardar, na kusa-kusa ba sa sakawa, sai dai ta ubansa ko kakansa. Tasa sai an rubuta wa komune. Abin da ke burge ni, a gefen takardar haihuwa suna ƙara rubutu in mutum ya yi aure ko ya rasu, takarda ɗaya ta ba ki labarinsa. Matansu kuma ba sa canza sunan gida bayan aure, bin dangin uwa ba ya wuya.

Af, na tuna. Akwai wani ɗan gari, Rowaziyo, a lardin Barcelli can arewa, mutanensa da yawa sun yi aikin gini a Najeriya da Gana, har gidan tarihi suka buɗe na 'yan ci-raninsu. Ban ce can ne garinsu ba fa, amma in sunan gidan ya fito, nan zan fara tambaya.

Maganar samun fasfon Italiya ta hanyarsa da wani ya sako, a bar ta tukuna. A 2025 sun tsaurara dokar, kuma sai in kakan naki ya amsa Mama 'yarsa ce a hukumance.

Ki ɗauko mini hoton gaba da baya, da haske sosai, ki turo ta lambata, ba a nan ba. Motata ta iso, sai na ji ki.