Amsa ga mai son ɗaura faifan zarto a jikin giranda

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce ka fara kafinta, benci da teburi da kantar shago kake haɗawa, kuɗinka bai kai na injin zarto ba, shi ne aka ce ka sayi giranda irin ta masu walda ka ɗaura mata faifai mai haƙora. Don Allah kada ka soma. Wanda ya ba ka shawarar, ko dai bai taɓa ganin ta ƙwace a hannun mutum ba, ko kuwa faifan yake son sayar maka.

Ƙaramar giranda tana juyawa kusan sau 11,000 a minti, injin zarton hannu mai faifan milimita 185 kuwa bai wuce wajen 5,000 zuwa 6,000 ba. Giranda ba ta da farantin da zai zauna daram a kan katako, murfinta kuma rabi ne, ba ya komawa ya rufe haƙora. Dutsen yankan ƙarfe gurza yake yi, haƙori kuwa cafka yake. Da ya ci karo da ƙulli ko tsohuwar ƙusa sai ta zabura baya, kafin ka ankara ta sauka a cinya ko a tsintsiyar hannu. Yawancinsu makunninsu maƙalewa yake, ko ta faɗi ƙasa ba ta daina juyawa. Na ga ɗinkin da ta jawo wa wani yaron shago, har yau yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa.

Ka daure ka tara, ka sayi injin zarton hannu. Makita da Bosch sun fi ƙarko in ka samu na asali, amma Ingco ko Total ma za su riƙe mai farawa. Kafin ka biya, ka ja murfin ƙasa ka saki, ya koma da kansa nan take. In yana cijewa, bar musu kayansu. Ka kama faifan ka girgiza, kada ya yi wasa. Ka tambaya ko ana samun kabon ɗinsa, wato 'yan gawayin da ke kai wuta cikin motar injin, a kasuwa, don shi ne ke fara cinyewa. In na gwanjo ne, karanta rubutun jikinsa: wanda aka yi don Amurka na bolt 120 ne, wutarmu kuwa 230, ka jona shi kai tsaye ya ƙone.

Sai janareto, tunda ka ce ƙaramin nan gare ka. Ba zai ɗauka ba. Injin yana cin wat 1,200 zuwa 1,500, lokacin tashi kuma ya kan ninka haka. Ka nemi mai 2.5 kVA zuwa sama, da waya mai kauri, ba siririyar da ake jona fanka ba.

Faifai ma ba ɗaya ba ne. Mai haƙori 24 na tsaga katako ne a tsawonsa, mai 40 zuwa 60 na filawud da MDF (allon garin katako da aka matse da gam), ba ya ɓantare baki. Itace mai tauri irin maɗaci ko ƙirya yana dakusar da haƙori da wuri, dakusasshen faifai kuwa shi ke sa ka danna da ƙarfi, daga nan inji ya yi tutsu. Ka saita zurfi yadda haƙori zai ɗan leƙo ƙasan katakon kawai, ka ɗaure katakon, ka bar guntun da za a yanke ya faɗi da kansa, kada ka yanka tsakanin madogara biyu ya matse faifan. Ka tsaya a gefe, ba a bayan layin yanka ba.

Banda babbar riga ko hannun riga mai reto, banda safar hannu kusa da faifai mai juyawa. Tabarau da takunkumi dole ne, musamman kan MDF, don ƙurarsa haɗe take da gam. Za ka canja faifai, zare waya tukuna, kada ka ce ai an ɗauke wuta.

Masu kifa injin a ƙarƙashin teburi don faifan ya leƙo sama, suna ɗaure makunni da roba, wannan ma ban yarda da shi ba.

Kafin kuɗin su taru, in a Kano kake, can 'Yan Katako na Na'ibawa akwai masu manyan injina. Ka je da awonka a rubuce, su tsaga maka, ka ƙarasa sauran da zarton hannu.