Kumburin hanji mai daɗewa: me za a saya, me za a bari?

Tambayoyin wannan makon duk a kan ciwon kumburin hanji mai daɗewa ne, wanda likitoci suka kasa gida biyu: ulcerative colitis, mai kama babban hanji kaɗai, da Crohn, mai iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura. A dukansu garkuwar jiki ce take afka wa bangon hanji. Ciwon yakan tashi ya lafa, kuma ba a ɗaukarsa daga wani.

Wata uwa daga Tudun Wada: Ɗana mai shekara 19 ya yi wata bakwai yana gudawa da jini da majina. An yi masa maganin atini sau uku. Mai magani a kasuwa ya ce basur ne, ya ba mu jarka. Likita kuma ya ce a duba hanjin da kyamara, ga tsada. Ina zan sa kuɗina?

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ki sa kuɗin a kan gwajin. Atini yakan ji magani cikin kwanaki, basur kuma jininsa ja ne wur, bayan an gama bayan gida yake zuwa, ba ya jawo gudawa ta watanni da rama. Abin da kika bayyana yana buƙatar a gani da ido. Za a fara da gwajin bayan gida da na jini, sannan kolonoskofi, inda ake zura siririn bututu mai kyamara ta dubura, a gutsuro ɗan naman bangon hanji a kai ɗakin gwaji. Ki nemi takardar turawa zuwa wajen likitan ciki da hanji a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, Zariya.

Gutsuren nan da ake yi yana da muhimmanci ƙwarai a ƙasarmu, domin tarin fuka na hanji yana kama da Crohn sosai. Maganinsu kuma kishiyar juna ne: in aka ba mai tarin fuka maganin danne garkuwar jiki, cutar bazuwa za ta yi. Jarkar kuwa ki ajiye ta. Yawancin haɗin basur da na wankin ciki akwai mai sa zawo a ciki, irin su filasko, kuma hanjin da ke da gyambo ba ya buƙatar abin da zai ƙara tsuma shi.

Kafin ranar asibiti ki riƙa haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Kada a ba shi loperamide don tsayar da gudawa matuƙar akwai jini ko zazzaɓi, yana iya sa hanji ya kumbura ya daina motsi. In yana zagayawa da jini sau 6 ko fiye a rana, ga zazzaɓi ko bugun zuciya da sauri, a kai shi asibiti a ranar.

Wani malamin makaranta daga Samaru: An tabbatar mini da ulcerative colitis, ina shan mesalazine, kuma wata huɗu ke nan ban ga jini ba. Maganin ya yi tsada. Ina so in bar shi in koma kurkum da zuma da habbatussauda.

Malam, lafiyar da kake ji aikin maganin ne. Mesalazine ba ya kashe ciwon, danne kumburin yake yi, kuma waɗanda suka daina sha sun fi fuskantar dawowarsa. Tashi ɗaya mai tsanani, da kwanciya asibiti da ƙarin jini, zai cinye abin da ka tara na watanni. In tsada ce matsalar, ka faɗa wa likitanka kai tsaye, ka tambaye shi game da sulfasalazine. Tsohon magani ne mai sauƙin kuɗi kuma yana aiki. Ana haɗa shi da folic acid, yana rage yawan ƙwayoyin maniyyi muddin ana shansa amma sukan dawo in an daina, don haka mai neman haihuwa ya sanar da likita. Bai dace da wanda maganin sulfa ke yi wa illa ba.

Kurkum yana da abin faɗa. Sinadarinsa, curcumin, an gwada shi a kan masu ulcerative colitis, giram 2 zuwa 3 a rana, aka ga amfani. Amma a gwaje-gwajen nan tare da mesalazine aka sha shi, ba a madadinsa ba. Garin kurkum na kasuwa kuma curcumin ɗin da ke ciki kaɗan ne, wajen kashi 3 cikin 100, don haka cokalin da ake barbaɗawa a miya bai kai ko kusa ba. In za ka sayi ƙwayar, duba lambar NAFDAC da nauyin curcumin a kowace ƙwaya, ka guji wadda aka haɗa da sinadarin masoro, domin an samu masu ciwon hanta daga irin wannan haɗin. Mai shan maganin tsinka jini ko mai tsakuwar matsarmama ya fara tambayar likita. Zuma abinci ce mai kyau, sha kaɗan, da yawa tana iya ƙara gudawa. Habbatussauda a abinci ba laifi, amma kada a jingina hanji a kanta.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan amfani, kuma kyauta ne: ka daina sayen ibuprofen, diclofenac da piroxicam a kemis don ciwon jiki. Suna iya tayar da ciwon. Paracetamol ya wadatar.

Wata matar aure daga Gyallesu: Maigidana yana da Crohn. Me zan dafa masa? An ce ya bar nono.

Baiwar Allah, ya danganta da halin da hanjin yake ciki. Lokacin da ciwon ya tashi, ki ba shi mai laushi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana: tuwon shinkafa, kunun da aka tace sosai, dankalin Turawa da aka feraye, ƙwai, kifi, nunanniyar ayaba. A ɗaga wa yaji, aya, gyaɗa, kwaɗon zogale da rama ƙafa. In likita ya ce hanjin ya tsuke a wani wuri, wannan ya zama doka, domin ƙwaya da ɓawo suna iya toshe shi. In ya lafa, ki dawo da abinci ɗaya bayan ɗaya, kwana biyu ko uku tsakani, kina rubuta abin da ya biyo baya. Yawan hani yana ramar da mutum. Nono ba kowa yake damu ba, kuma kindirmo ya fi madara sauƙin narkewa, sai dai a tabbatar an tafasa madarar kafin a kwantar, musamman in yana shan maganin danne garkuwar jiki irin su prednisolone ko azathioprine. In yana shan taba, barinta na cikin manyan magungunan Crohn.

Wata ɗaliba daga Kongo, Zariya: Tun da ciwon ya kama ni na daina fita don tsoron neman bayi. Ba na barci, ba na jin daɗin komai. Mai kemis ya ce in sayi maganin ƙarin jini da na barci.

'Yar'uwa, abin da kike ji ya zama ruwan dare ga masu wannan ciwon, kuma ba raunin imani ba ne. Hanji da ƙwaƙwalwa suna da alaƙa ta jijiyoyi, kumburin kansa yana kashe jiki, damuwa kuma tana ƙara wa cikin zafi. Kafin ki sayi komai, a auna jininki da sinadarin ƙarfe. Zubar jini a hankali tana kawo kasala mai kama da ciwon damuwa. In ƙarancin jini ne, likita zai zaɓa tsakanin ƙwaya da na jijiya, domin ƙwayar ƙarfe tana iya dagula hanji mai kumburi. In kina shan prednisolone, shi ma yana hana barci yana juya hali. Ki sha da safe, kuma kada ki yanke shi lokaci guda, a hankali ake rage shi cikin makonni.

Maganin barci na kemis da tramadol ki bar su, suna kama mutum. Ki fara fita ta kusa, minti 10 zuwa 15, a lokacin da cikin ya fi kwanciya, kina ƙarawa har minti 30. Ki san inda bayi yake a hanyarki, ki sa kayan canji da ƙaramar buta a jaka. Ki zaɓi mutum ɗaya a gida ko cikin ƙawaye ki faɗa masa sunan ciwon. In alwala ce take hana ki sukuni, ki tambayi malami hukuncin mai lalura, akwai sauƙi a ciki.

In wannan hali ya kai mako biyu kusan kullum, ki faɗa wa likitan hanjinki ya tura ki sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Akwai zama na tattaunawa, akwai kuma magani, wanda yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin aikinsa. In tunanin cutar da kanki ya zo miki, ki faɗa wa na kusa da ke a take, ku tafi asibiti tare a wannan ranar.