Ragar wayar jita: gefe ɗaya ko duka biyun?

Malam, ka tambaya ko ragar tagullar da ke lulluɓe da wayar jita gefe ɗaya ake haɗa ta. In wayarka mai jijiya ɗaya ce, wato siririyar waya ɗaya ce a cikinta, dole ka haɗa ta duka biyun, domin ta nan wutar sautin ke dawowa. Jijiyar tsakiya ta tafi kan jak ɗin mai milimita 6.35, wato filogin da ake cusawa a jita ko amfilifaya, ragar kuwa ka murɗe ta ka yi mata dalma a gindinsa. Sai a waya mai jijiya biyu ne ake haɗa ragar a gefen amfilifaya kaɗai.

Abin da ya taɓa wahalar da ni a shagona nan Ƙofar Ƙaura shi ne baƙar ledar da ke ƙarƙashin ragar. Wuta na bin ta. Ka feƙe ta baya, in ta taɓa jijiyar sai sautin ya shaƙe. Kafin ka rufe jak ɗin, gwada da mitar awon wuta.