Amsar tambayarka kan tsoma wuƙa a inuwa

Salamu alaikum ɗana, ya aiki ya ƙoƙari. Naga saƙonka da hoton wuƙar tun jiya, wlh naji daɗi sosai, hannunka ya fara faɗawa. Kace da tsohon sifirin ɗin mota ka ƙera ta, siffa ta fito saura tsomawa, wato sa ta da zafinta cikin mai ko ruwa don tayi tauri, kuma kana tambaya wai me yasa tsofaffin maƙera basa tsoma wuƙa da rana tsaka sai rana tayi sanyi ko a cikin inuwa, sannan me yasa bayan tayi tauri suke sake nuna mata wuta, camfi ne ko da dalili.

Toh ba camfi bane ko kaɗan. Mutanen nan basu da na'urar auna zafi, idonsu shine ma'auninsu, kalar ƙarfe suke karantawa, kuma kalar nan hasken rana ɓoye ta yake. Ƙarfen da zaka gani a tsakar rana kamar yanzu ya fara ja, in ka shiga dashi ɗaki mai duhu zaka tarar har ya doshi rawaya, kenan ya wuce inda ake so da nisa kai kuma kana nan kana ta zuga. In zafi yayi yawa haka ƙwayoyin cikin ƙarfen girma suke, wuƙar zatayi tauri kam amma da gautsi, bakin ya riƙa ɓantarewa kana wasawa yana zubewa, kuma daga waje babu abinda zaka gani. Shi yasa ake jiran hasken ya ragu, kuma ake yi a irin haske ɗaya kullum don ido ya saba. Akwai masu ƙarawa da cewa sai an juya tsinin wuƙa ya kalli arewa, wannan kam bashi da tushe, kada ka wahalar da kanka.

Kai da idonka bai gama sabawa ba ka nemi mayen ƙarfe ka ɗaura a jikin doguwar waya. Ƙarfe in yakai wajen digiri 770 a ma'aunin Celsius maye baya kama shi, kai kuma abinda kake nema ɗan sama da haka ne, 800 zuwa 830 ga irin sifirin ɗinka. Kenan da maye ya saki sai ka mayar cikin garwashi kalar ta ɗan ƙara haske kaɗan, kana ja kana turawa don jan ya zama iri ɗaya daga gindi har tsini. Tsini shi yake riga kowa zafi saboda sirantarsa, ka fara sa gindin a wuta.

Amma kafin ranar tsomawa akwai abu biyu. Kada ka wasa bakin tukuna, ka bar masa kauri kamar milimita 1, baki mai siriri karkacewa yake ko ya tsage. Sannan ka kaita wannan zafin ka fitar ka barta ta huce a iska da kanta, sau 2 ko 3, wannan yana kwantar da wahalar da ƙarfen yasha a ƙarƙashin masaba. Da yawa suna tsallake wannan don gaggawa.

Maganar ruwa ko mai, mai zaka sa. Ni wuƙata ta farko a ruwan sanyi na tsoma ta, tana shiga naji wani ɗan sauti ƙis, da na goge sai ga tsaga kamar silin gashi ta taso daga baki ta nufi baya, aikin kwana uku ya tafi, har yau ina tuna yadda naji a raina. Ruwa saurinsa yayi wa irin wannan ƙarfen yawa. Man girki ya wadatar, ka ɗumama shi zuwa wajen digiri 50 (jan guntun ƙarfe zaka jefa ciki), mai ɗumi yafi tsinkewa kuma yafi saurin janye zafi akan mai sanyi. Baƙin man mota dan Allah ka rabu dashi, hayaƙinsa illa ne ga huhu. Mazubin ya zama na ƙarfe mai zurfi da murfi a kusa, don mai yana iya kamawa da wuta, in ya kama rufewa zakayi kada ka sake ka watsa ruwa. Daga wuta zuwa mai kada ka tsaya kallo, riƙe da awartaki ka tsoma a miƙe, ka riƙa motsawa sama da ƙasa, banda gefe da gefe, shi ke lanƙwasa wuƙa.

Data huce sai gwajin farko, ka ɗauki magagari mai kyau ka goga a bakin. In tayi tauri zakaji yana zamewa kamar akan gilashi da ƙara siririya, in kuma yana ci yana fidda gari to bata sha ba. Kada ka yanke hukunci a gugar farko, wuta tana cinye sinadarin kabon na fatar sama ta barshi da laushi, ka ɗan ƙara gogawa kaga abinda ke ƙasa. In har yanzu yana ci ka mayar da ita wuta ka sake tsomawa.

Yanzu tambayarka ta biyu, kuma ita nafi so ka riƙe. Wuƙar da ta fito daga mai ba wuƙa bace tukuna, taurinta irin na kwalba ne, in ta faɗi a siminti tana iya karyewa gida biyu, wata ma tana ajiye ba wanda ya taɓa ta zata tsage da kanta saboda ɗaurewar da ke cikinta. Sake nuna mata wuta kaɗan shine yake rage taurin ya bata juriya, shi yasa ba a barinta ta kwana a haka, da hannu ya iya taɓa ta sai a wuce. In kana da obin na gasa abinci ka wanke man ka sa ta a digiri 200 awa 2, ta huce, ka sake awa 2. In babu sai kayi irin na da, ka goge ruwan wuƙar da samfefa yayi fari tas, ka gasa wani ƙarfe mai kauri ka jingina bayan wuƙar a kansa baki na sama, ka zuba ido. Zakaga kala tana tafiya daga baya zuwa baki a hankali, farko kalar busasshiyar ciyawa, sai ruwan ƙasa, sai shunayya, sai shuɗi. Da kalar ciyawar nan ta iso baki ka ɗauke ka sanyaya. Baya in yayi shuɗi babu laifi ma yafi kyau, amma baki in yayi shuɗi, wajen digiri 300 kenan, yayi laushi bazai riƙe kaifi ba. Wannan aikin kuma shi haske yake so, kaga kowanne da lokacinsa.

Bayan ka wasa, yanka takarda da aske gashin hannu kaifi kawai suke nunawa, ko gwangwani aka wasa zai yanka takarda sau ɗaya. Ka sari busasshen icce mai tauri sosai, ka yanka igiya ta kai sau 20, sannan ka koma kan takardar ka duba bakin a haske. In ya ɓantare tauri yayi yawa, ka mayar obin ka ƙara digiri 10 ko 15. In ya naɗe ya kwanta gefe to yayi laushi. Kuma in kana wasawa da inji ka riƙa tsomawa a ruwa akai akai, da baki ya canza kala ka ƙona wurin.

Ragowar sifirin ɗin da ka yanke kada ka yar. Kafin ka taɓa wuƙar ka sirantar da guntu ɗaya ka masa duk abinda na faɗa har tsomawa, ka sa tabarau ka naɗe shi a tsumma ka karya. In cikin yayi laushin gani toka toka kamar gari to idonka ya kama kalar, in yayi tsakuwa tsakuwa yana ƙyalli kamar yashi zafi yayi yawa. Ka turo min hoton karayar kafin ka tsoma wuƙar. A gaida mutan gida.