Zauren Tambayoyin Ƙwallo: Kofin Duniya na 1994 a Amurka

Wannan makon wasiƙun naku kusan duk a kan gasar 1994 suka faɗa, to bari mu ɗauki guda uku.

TAMBAYA: Malam, musu ne ya kaure a teburin mai shayin unguwarmu, wasu sun ce Amokachi ne ya fara ci wa Najeriya ƙwallo a kofin duniya ni kuma na ce Yekini. Sannan wai da Tijjani Babangida a tawagar? Daga wani mai karatu a Tudun Wadan Zariya.

AMSA: Kai ke da gaskiya ɗan'uwa, Rashidi Yekini ne, ranar 21 ga Yuni 1994 a wasanmu da Bulgeriya a filin Cotton Bowl na garin Dallas, minti na 21 Finidi George ya kwaso ta gefen dama ya shimfiɗo masa ita shi kuma ya tura raga. Abin da ya biyo baya shi ne har yau ba ya fita raina, ya bi ƙwallon cikin raga ya damƙe zaren da hannu biyu yana jijjigawa yana ihu kamar mai kuka. Mu a lokacin tsakar dare ne, muna tsakar gidan maƙwabcinmu an ɗauke wuta an jona ƙaramar talabijin baƙi da fari da batirin mota, yara a tabarma manya a benci, wallahi ihun da aka yi sai da wata tsohuwa ta fito da fitilar ƙwai tana salati ta zaci gobara ce. Amokachi shi ya ci ta biyu, Amunike ya ƙara ta uku, aka tashi 3-0 da Bulgeriya. Kuma dukkansu biyun da kuke musu a kai a Kaduna aka haife su, Yekini ya buga wa ƙungiyar UNTL shi kuma Amokachi ƙungiyar Ranchers Bees. Allah ya jiƙan Yekini, ya rasu a 2012, kuma ƙwallo 37 da ya ci wa ƙasa ba ƙaramin aiki ba ne.

Tijjani Babangida kam ba ya cikin waɗanda kocinmu Westerhof ya tafi da su, shi da Kanu sai a Olamfik na 1996 da kuma kofin duniya na Faransa 1998.

TAMBAYA: Gaskiya ne wasan ƙarshe da Maradona ya buga wa Ajantina da Najeriya ne? Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

AMSA: Haka ne Hajiya, 25 ga Yuni. Siasia ya fara zura musu tun minti na 8, Caniggia ya rama guda biyu, suka ci mu 2-1. Ana tashi wata ma'aikaciyar lafiya ta riƙo hannun Maradona zuwa gwajin fitsari yana ta murmushi, aka samu sinadarin ephedrine a jikinsa aka kore shi daga gasar, shi kenan bai ƙara saka rigar ƙasarsa ba.

TAMBAYA: Ni ba a haife ni ba lokacin, amma kullum babana in aka ambaci Baggio sai ya yi tsaki ya ce alƙalin wasa ne ya cuci Najeriya. Me ya faru ne? Daga wani ɗalibi a Garwa, Kamaru.

AMSA: Yaro ka gaida min baba, amma a nan zan saɓa masa kaɗan. Alƙali bai cuce mu ba, in ma akwai wanda aka cuta to Zola ne na Italiya da aka ba jan kati a minti na 75 a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Mu muka sakar musu wasan da hannunmu.

Ka duba yadda muka je wurin. A watan Afrilu mun ɗauko kofin Afirka a Tunisiya bayan mun doke Zambiya 2-1, Fifa ta saka mu na biyar a duniya, mun ci Girka 2-0 muka fito na ɗaya a rukuni a saman Ajantina da Bulgeriya. Ranar 5 ga Yuli muka haɗu da Italiya a zagaye na biyu a Foxboro, Amunike ya ci a minti na 25 daga kwana, sai rauni ya fitar da Amokachi tun kafin hutun rabin lokaci, Amunike ma ya bi shi, daga nan sai ƙungiyar ta koma baya tana tsaron gida aka bar Yekini shi kaɗai a gaba. Mutum goma fa Italiya ke da su, a gajiye cikin rana, maimakon mu nemi ta biyu mu rufe magana sai muka tsaya cin lokaci. A gidan da muke kallo har wani ya fita ya tada babur yana jiran a busa ya zaga gari da hon. Minti na 88 Mussi ya kutsa ta dama ya mayar wa Roberto Baggio, ya ɗana ta ƙasa-ƙasa can lungu, Peter Rufai ya miƙe iya tsawonsa bai kai ba. Tsit kake ji, ko tari babu, sai ƙarar babur ɗin nan a waje. A ƙarin lokaci Eguavoen ya kayar da Benarrivo a cikin yadi sha takwas, fanareti ce tsakani da Allah, Baggio ya buga ta daki turke ta shiga. Tuwon daren nan da yawanmu ba mu ci ba.

Abin da ya fi min ciwo, Bulgeriyar da muka lallasa ita ta fitar da Jamus ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Italiya kuma ta je har fainal da Barazil a Pasadena ranar 17 ga Yuli, aka tashi babu ci, a bugun fanareti Baresi da Massaro suka ɓarar sannan Baggion nan dai ya ɗaga tasa sama da raga, Barazil ta ɗau kofi na huɗu.

Tunda daga Kamaru kake, ka tambayi baba wasanku da Rasha, an ci ku 6-1 Oleg Salenko shi kaɗai ya zura biyar, amma ɗayar taku Roger Milla ne ya ci ta yana da shekara 42.